Jirage Huɗun da Kawu Alcide Ya Nutsar

Belle Anse, Louisiana
Satumba

'Yata Odile,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan sanyin garin nan naku bai fara taɓa ki ba. Kafin komai ki kwantar da hankalinki, muna raye. Ni lafiyata ƙalau ban da wata ƙusa da na taka. Innarki Eula hawan jininta ya ɗan motsa, amma bakinta na nan yadda kika san shi. Na san kin ji labarin guguwar a rediyo, na kuma san halin masu rediyo, akuya ɗaya ta mutu sai su ce garke ya ƙare. To wannan karon ba su ƙara gishiri ba.

Rufin gidanmu ya yi tafiyarsa, ruwa ya kai taga, a makarantar garin muke kwana da mu da rabin unguwa. A maƙabarta akwatunan wasu sun fito suna yawo, amma na je na duba, kabarin mahaifiyarki, ƙanwata Celeste, bai motsa ba.

Ma'aikatarmu ta ƙera jiragen ruwa kuwa rumfarta ta kwanta, injinan walda duk sun sha ruwan gishiri. Amma saurari abin da kawunki ya yi. Kin san jirage huɗun da sojan ruwa suka ba ni kwangilarsu, ƙananan nan na sintiri da ake kaiwa wurin yaƙi. Mun gama gangar jikinsu, ba a sa inji ba, wayoyin lantarki kawai muka fara ja a biyu daga ciki. Da na ga tsuntsayen teku suna gudowa tudu, rafi yana hawa ba tare da an yi ruwan sama ba, ban jira sanarwar kowa ba. Na tara mutanena muka zura jiragen cikin rafin bayan ma'aikata, muka zare toshiyar gindinsu, suka cika da ruwa suka kwanta a kan laka. Muka ɗaure su da sarƙa a jikin itatuwa. Haka kakanki yake yi da jiragensa na kamun jatan lande, haka ubansa ya yi. Iska ba ta dukan abin da ba ta gani ba.

Muna cikin yi sai Numa Pitre, maƙwabcina da shi ma yake da irin wannan kwangilar, ya leƙo ta shinge yana washe baki.

Ya ce, "Alcide, tsufa ne ko giya? Mutane na ƙera jirgi don ya yi iyo, kai kana koya wa naka nutso?"

Na ce, "Je ka ɗaure naka da igiyar shanyar matarka, in gari ya lafa ma yi magana."

Gari ya lafa. Shida gare shi. Biyu suna tsakiyar gonar rake, ɗaya ya hau kan shagon mai ƙanƙara, sauran sun haɗu sun zama kamar gwangwanin da mota ta taka. Nawa kuwa famfo muka sa muka tsotse ruwan, suka taso ɗaya bayan ɗaya, ko lotsawa babu. Laka ce kawai da kaguwa. Tsoho Ozémé mai walda, wanda tun zamanin kakanki yake tare da mu, sai da ya yi rawa a kan gaɓa. Ban yi wa Numa dariya ba, na bari sai da na shiga gida.

Yanzu ga maganar. An ce gwamnati za ta biya diyya ga masu yi wa soja aiki waɗanda guguwa ta yi wa ɓarna, kuma za a turo mai dubawa. Ni ba wani abu mai yawa nake nema ba, a taimaka mini in tayar da rumfa, in maye injina, a ƙara mini lokaci. Masu inshora sun riga sun ce su iska suke biya, ba ruwa ba, kamar akwai wanda ya tsaya yana rarrabewa. In gwamnati ba ta sa hannu ba, banki zai karɓe wurin nan da kakanki ya bar mana, mutanena su watse. Ke da kike ofishin da ake duba kwangilolin gwamnati, gaya mini ta ina ake shiga.

Kawunki da ya riƙe ki ranar baftisma,
Alcide

*

Washington
Satumba

Kawu,

Ina gaida ku, kai da Inna Eula, in har wannan takarda ta same ku. Ban ji daga gare ku ba tun da aka yi guguwar. Na buga waya har mai haɗa layi ta gane muryata, kullum sai ta ce turakun waya sun faɗi. Ni lafiyata lau, sai dai ba na iya cin abinci. Don Allah ko layi ɗaya ne ku rubuto.

Abin da ya ƙara mini baƙin ciki shi ne abin da nake gani a wurin aiki. Ruwa bai gama janyewa daga gidajen mutane ba, gawa ba a gama tsamowa ba, amma 'yan kwangila sun cika mana ofis. Ka gan su da kwat da lauyoyi, kowa da hoton ɓarna a hannu, kowa yana kukan a biya shi. Lokacin da suke cin riba wa suka kira ya taya su ci? A shekarun da teku ta yi shiru, ba su san ta da hali ba ne da suka ƙi yin tanadi? Riba tasu, asara ta talaka mai biyan haraji. Matar da ruwa ya cinye mata gida bashi za a ba ta, ta biya da ruwa a kai, shi kuwa mai ma'aikata kyauta yake nema, wai don soja yake yi wa aiki. Wallahi da ni ce mai yanke hukunci, ko sisi ba wanda zai gani. Kuraye ne kawai suka ji warin mushe.

Ka yi haƙuri na cika ka da surutu, ba ni da wanda zan faɗa wa. Ka duba mini kabarin Mama. Ka ce wa Inna ta riƙa shan maganinta.

'Yarka,
Odile

*

Belle Anse
Oktoba

Odile,

Muna lafiya. Ƙafata ta warke.

Na rubuta miki ina tambayar ta ina ake shiga, sai ga amsa ta zo. Na karanta ta sau biyu, na ba innarki ta karanta mini da ƙarfi ko idona ne. To madalla. Kura tana gaishe ki. Kurar da ta biya miki kuɗin makaranta da wannan ribar da kike ƙyama, har kika san yadda ake zaman kujera a Washington.

Bari in gaya miki abin da ba a koya muku ba. Farashin jirgi gwamnati ce ta yanka, ba ni ba. Ranar gamawa ita ta sa, a tsakiyar watannin guguwa, na ce a ɗaga suka ce yaƙi ba ya jira. Jirgi kuwa a bakin ruwa ake ƙera shi, ba a kan dutse ba. Wanda ya zaɓi farashi ya zaɓi rana, in rana ta ɓaci sai ya ce ba ruwansa?

Ba na bukatar taimakonki ma. Mai dubawa ya riga ya zo, wani jami'in sojan ruwa da fararen kaya, sai da na ara masa takalmin roba. Innarki ta ba shi kofi da miyar kuɓewa da jatan lande, ya cinye tas. Na kai shi ya ga jiragen, ya ƙwanƙwasa nan ya leƙa can.

Ya ce, "Yallaɓai, da wane lokaci guguwar ta nutsar da su?"

Na ce, "Wace guguwa? Ni na nutsar da su da hannuna, tun rana tana sama, iska ko ganye ba ta fara kaɗawa ba."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce in maimaita a hankali. Na maimaita, har na ɗauko toshiyar na nuna masa, na gaya masa yadda kakanki yake yi. Ya ce wa ya ba ni izini. Na yi dariya na ce teku ba ta ba ni lokacin neman izini ba. Ya rubuta duka, na sa hannu. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. Kin ga wanda ya san darajar aiki ke nan.

Ki ci gaba da tsaron harajin talaka.

Alcide Theriot

*

Washington
Oktoba

Kawu,

Ina gaishe ka, ko da ba ka so. Na gode wa Allah da ƙafarka ta warke.

Takardar da ta ɓata maka rai ba amsar taka ba ce. Na rubuta ta ban san ko kuna raye ba, a hanya suka yi saɓani da taka. Kai ko a raina ba ka zo ba lokacin da nake zagin mutanen nan, kuma wannan wauta ce tawa, don na san sana'arka. Ka yafe mini. Ranar da taka ta farko ta iso, a tsaye na karanta, a tsaye na rubuta maka amsa cewa kada ka yi magana da kowane jami'i sai ka sami lauya. Ashe ba ta iso ba.

Kawu, da na karanta abin da ka faɗa wa jami'in nan sai da na nemi wuri na zauna. Dokar diyyar tana biyan abin da guguwa ta yi ne. Abin da mutum ya yi da hannunsa ba ya ciki. Kuma tun ranar da gwamnati ta biya kuɗin ƙarfen, jiragen nan nata ne, kai riƙo kawai kake yi. A idonka ka ceci jirage huɗu. A idon doka ka ɗauki kayan soja ka tura cikin ruwan gishiri da gangan, ba izini, ka kuma sa hannu cewa haka aka yi. Har maganar rumfa da injina za a dakatar sai an gama binciken wannan. Mutumin da ya riƙe hannunka ba yabonka yake yi ba, tausayinka yake ji.

Ba zan yi maka ƙarya don mu shirya ba. Har gobe ina ganin bai kamata gwamnati ta zama uwar kowane ɗan kwangila ba. In ta saba biya, ba wanda zai ƙara wahalar kare komai, tunda ko ya kare ko bai kare ba aljihunsa ɗaya. Maganarka ta farashi da rana gaskiya ce, ban taɓa kallonta ta nan ba, amma maganinta a gyara kwangila tun farko, ba a buɗe baitulmali bayan ɓarna ba. Sai dai tunda an ce za a biya, ban ga wanda ya fi ka cancanta ba a duk gaɓar tekun nan.

Ka nemi lauya yau, ba gobe ba. Kada ka ƙara sa hannu a komai. Ka amsa mini ko da zagi ne.

'Yarka,
Odile

*

Belle Anse
Disamba

Odile 'yar albarka,

Innarki Eula ce. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ba aikina ba ne. Ina gaishe ki, ina fata kina cin abinci. Mun koma gida, an rufa mana kwano a rabin ɗaki. Jinina na hawa yana sauka. Kawunki ba ya ciwon komai, amma wandonsa sai da na rage masa ƙugu.

Kada ki ce fushi ne ya hana shi rubutu. Fushin ya wuce, kunya ce. Takardarki ta gargaɗi ta zo a watan jiya cikin wani buhu da aka tsinto a gidan waya, duk ta yi funfuna. Ya karanta a tsaye a bakin ƙofa. Na ce, "Me ta ce?" Ya ce, "Ta ce in yi shiru." Sai ya fita.

An biya Numa. Ya tayar da sabuwar rumfa ta ƙarfe, ana hango ta daga coci, an kuma ƙara masa kwangila. Namu jiragen an zo an shafa musu jan fenti an ce kada wanda ya taɓa sai an gama bincike. Kawunki ya roƙe su su bar shi ya wanke cikinsu da ruwan daɗi ya shafa mai, ya ce gishirin da ya saura shi zai cinye su. Suka ce shaida ce, ba a wanke shaida. Kullum da safe sai ya je ya tsaya a bayan igiyar da suka gitta yana kallon tsatsa tana fitowa. Na ce masa, "Alcide, kallo zai hana ta?" Ya ce, "Ke dai dafa wakenki."

Mutanensa sun fara komawa wurin Numa, ba wanda zai ga laifinsu. Ozémé kaɗai ya rage, shi ma don kunnensa ba ya ji ne, ina jin bai san an daina biya ba. Lauyan da muka samu ya ce a jira. Na banki kuwa ya zo har gida, ya zauna a kujerar kawunki.

Ni ban san wa ke da gaskiya tsakaninku ba. Ƙanwata Noémie gidanta ko tubali bai rage ba, ba wanda ya ba ta komai sai bargo, in na tuna ta sai in ce maganarki ce daidai. In na dubi mijina kuma sai in ce tasa ce. Abin da na sani, in wurin nan ya tafi, mutumin nan ba zai ƙara zama mutum ba.

Bai san na rubuto ba. Ki shiga wurin shugabanku, Odile. Ki gaya masa wannan tsohon ba ɓarawo ba ne. Ke ce tamu a can, ba mu da kowa.

Innarki,
Eula

*

Washington
Janairu

Inna, da Kawu in zai saurara,

Ina gaishe ku da sabuwar shekara. Na yi mura amma ta sake ni. Na jinkirta amsa ne don ina so in zo muku da labari mai daɗi, ban samu ba.

Na shiga wurin shugabanmu kamar yadda kika ce. Dattijo ne mai sauƙin kai, ya bar ni na yi magana har na gama. Na gaya masa yadda mutanenmu ke nutsar da jirgi tun kaka da kakanni, na ce ya kwatanta huɗun Kawu da shidan maƙwabcinsa.

Ya ce, "Na yarda kawunki mutumin kirki ne. Na ma yarda dabararsa ta yi aiki. Amma gaya mini, in muka biya wanda ya nutsar da jirgi da gangan, baɗi me zai faru? Duk wanda ya yi aikin banza, ko lokaci ya ƙure masa, sai ya jira hadari ya haɗu ya zare toshiya, ya ce al'adar kakansa ce. Ta yaya zan bambance su daga nan?"

Na ce, "A je a duba ƙarfen."

Ya ce, "Wa zai sa yaran mutane a jirgin da ya kwana a ƙarƙashin ruwan gishiri ya tura su bakin wuta? Ke za ki sa hannu?"

Inna, ba zan ɓoye miki ba. Da ba Kawu ba ne, da wani ne can da ban sani ba, wannan maganar ni zan rubuta ta da hannuna, in kuma ji daɗin kaina. Kafin in fita ya ce tunda ɗan'uwana ne bai halatta in ƙara taɓa maganar ba, aka mayar da ni wani sashe.

Amma na ji hukuncin, gara ku ji daga bakina. Ba za a kai Kawu kotu ba, sun ce ba mugun nufi. Ba za a biya diyyar komai ba, har rumfa da injina, don an soke kwangilar bisa laifinsa, wanda aka soke wa kwangila kuwa ba ya cikin waɗanda dokar ta ambata. Jiragen za a yanka a sayar a matsayin tsohon ƙarfe.

Ban taɓa jin na tsani aikina ba sai yanzu. Abin da ya fi ci mini rai, har yau ban iya cewa dokar ba ta da hankali ba. Tana da shi, a kan Kawu ne kawai ta faɗo.

Taku,
Odile

*

Belle Anse
Maris

'Yata Odile,

Ina gaishe ki. Innarki ta ce kin yi mura, ki riƙa rufe wuyanki. Mu muna nan. Na san ta rubuta miki a ɓoye, matar da ba ta iya ɓoye ko kuɗin cefane ba. Ba ki yi mini laifi ba, ni ma abin da na rubuta miki ki jefa a murhu.

An yanka jiragen. Sun turo wasu mutane daga birni da wutar yanka, na ga yadda suke riƙe ta na ce a'a, ku ba ni. Ni da Ozémé muka yi. Wanda ya haɗa shi ya san inda zai raba. Tsatsar nan da ta hana ni barci ashe a fata kawai ta tsaya, da muka buɗe cikin ƙarfen fari tas. Na kira wanda ke kula da aikin na ce ya zo ya gani. Ya duba ya ce, "Lallai kam," ya koma cikin mota.

Banki ya sa wurin a kasuwa. Numa ne ya saya. Kada ki zage shi, bai yi mini komai ba, shi dai ya bar jiragensa inda suke ya gudu, Allah ya ba shi. Har gida ya zo da hularsa a hannu, ya ƙi zama.

Ya ce, "Alcide, ka san da ban saya ba wani baƙo zai saya."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Ina neman wanda zai riƙe mini ma'aikata a wannan ɓangaren. Ba wanda ya san rafin nan kamarka. Sai dai in kana jin nauyi."

Na ce, "Nauyin me? Ai ka ga an sauke mini."

Innarki ta juya baya tana goge tukunyar da ta riga ta goge. Ranar Litinin na fara. Ƙofar da nake shiga tun ina ɗan yaro ita nake shiga, sunan da ke samanta ne kawai ya canza. Ɗakin da kakanki yake zana jirgi an mayar da shi wurin ajiye fenti.

Na yi ta tunanin gardamarmu. Kin ce in gwamnati ta saba biya, ba wanda zai ƙara wahalar kare komai. A lokacin na ce yarinya ce, me ta sani. Yanzu na daina faɗar haka.

Kawunki,
Alcide

*

Washington
Yuli

Kawu,

Ina gaishe ku. Wannan ta uku ke nan ban ji amsa ba, sai gaisuwar da Inna ta aiko ta bakin Fada, limamin cocinmu. Ina da ɗaki a nan da ba kowa a ciki. Ku zo ko na watannin guguwa ne kawai. Akwai kogi a garin, za ka ga jirage, ko da ba su kai naka ba. Ba sai ka yi mini magana ba in ba ka so, ka zo dai.

'Yarka,
Odile

*

Belle Anse
Satumba

'Yata Odile,

Ina gaishe ki, na ga takardunki duka. Lafiyarmu lau. Ba zan iya zuwa ba, ma'aikaci ba ya tafiya sai an sallame shi. A gurguje nake rubuta wannan, direban motar da za ta kwashe mu zuwa tudu ya ce zai jefa mini ita a gidan wayar da ke can.

Wata guguwar tana zuwa. Tun jiya tsuntsaye suke shigowa, rafi ya hau har matakala ta biyu, sama kuma ta yi wannan launin da ba na so. Ina jin ta fi ta bara.

Jirage takwas muke da su a kan gadon ƙira. Aikin hannuna ne, Odile, sun fi huɗun can kyau. Ba inji, ba waya ko ɗaya a jikinsu, irin waɗanda in ka kwantar da su a laka za su tashi kamar ba a yi komai ba. Da safe Numa ya tara mu, lauyansa a gefensa. Ya ce umarni daga sama, kada wanda ya matsar da jirgi daga inda yake, kada a zura, kada a zare komai, a ɗaure yadda takardar kwangila ta ce, a ɗauki hoto, a kulle a tafi. Yana faɗa yana kallon takalminsa.

Da suka watse Ozémé ya jawo ni gefe. Kin san mai ciwon kunne, raɗarsa ihu ce.

Ya ce, "Maigida, ruwa ya kawo daidai. Ni da kai da sarƙa, kafin azahar mun gama."

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Ko biyu? Ko ɗaya, don kunyar mahaifinka?"

Na ce, "Ko ɗaya, Ozémé. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

Ya dube ni kamar bai san ni ba, ya ajiye sarƙar a ƙasa ya tafi. Ni na ɗaure su da kaina, da igiyar da aka ce, a inda aka ce. Na san ba za ta riƙe ba. Na tsaya a gefe mai hoto ya ɗauka, har ya ce in matsa ina tare masa haske. Na kulle ƙofa na kai wa Numa makulli.

Ga innarki can tana kirana, mota ta cika. In takardun Belle Anse suka iso ofishinku, ki duba da kyau, ba za ki ga laifin kawunki a ciki ba. Wannan karon za a biya.

Alcide